Amsoshin Tambayoyinku: Farautar ɓoyayyen mazubi, daga ƙauyen Eyam zuwa gindin ganuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata da ke karatu a Sheffield ta ce ran Asabar sun je wani ƙauye, Eyam, ita da ƙawayenta, neman akwati da waya. Wai sunan abin jiyokashin. Caca ce, ko kuɗi ake ɓoyewa? Hankalina bai kwanta ba. (Wani uba daga Gwale)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kwantar da hankalinka, ba caca ba ce, ko sisi ba a samu. Wani ne zai sa takarda cikin ɗan mazubi mai murfi, ya ɓoye, ya ɗauki lambobin GPS na wurin ya ɗora a shafin Geocaching.com. Mai nema ya bi lambobin da wayarsa, in ya gano ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar yadda ya tarar. In mazubin babba ne akan sami 'yan tarkacen wasan yara, wanda ya ɗauki ɗaya sai ya bar wani a madadinsa. An fara wasan a Mayun 2000, bayan gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan ga farar hula. Washegari wani mutum, Dave Ulmer, ya ɓoye bokiti a jihar Oregon ya sanar da lambobinsa.

Inda 'yarka ta je kuwa, wuri ne da ya cancanci a taka. Eyam, wanda mazaunansa ke kira "Im", yana yankin Derbyshire na Ingila. A 1665 aka kawo wa telan garin ɗaurin yadi daga Landan, ashe da ƙumar da ke yaɗa annoba a ciki. George Viccars, wanda ya kwance ɗaurin, shi ya fara mutuwa a watan Satumba. Da abin ya tsananta a 1666, limamin cocinsu William Mompesson ya shawo kan mutane suka killace kansu, ba shiga ba fita, daidai da abin da hadisi ya koya mana game da garin da annoba ta faɗa wa. Kimanin mutum 260 suka rasu. Har yau dutsen iyakarsu da ƙauyen Stoney Middleton yana nan da 'yan ramuka a kansa: nan suke zuba ruwan khal su jefa kuɗi, maƙwabta su ajiye musu abinci su kwashe kuɗin. A wata gona kuma akwai kaburburan iyalin Elizabeth Hancock, wadda ta binne mijinta da 'ya'yanta 6 cikin kwana 8.

Masu ɓoyo a ƙauyukan Ingila kan gina wasan bisa irin waɗannan wurare. A ce ka je allon tarihi kaza ka karanto shekara, ka ƙirga sunayen da ke jikin dutsen tunawa da mamatan yaƙin 1914 zuwa 1918, ka haɗa alƙaluman, su ba ka lambobin zango na gaba. Kafin ka kai ga mazubin ka karanta tarihin garin da ƙafarka.

Ka dai ja mata kunne: ta bi turbar ƙafa mai alamar kibiya rawaya, ta bar ƙofar gona yadda ta same ta, ta kauce wa saniya mai ɗan maraƙi. Kada ta zare dutse daga katangun nan da ake jerawa ba siminti, ba a ɓoyo a cikinsu, kuma zare ɗaya na iya rusa sashe guda. A Disamba rana kan faɗi can kafin ƙarfe 4, don haka su yi sammako.

Tambaya: Abokaina sun ɓoye mini gwangwani sun turo lambobi. Waya ta ce na iso, na duba har na gaji ban ga komai ba. Ina matsalar? (Ɗalibi daga Kabuga)

Amsa: Ɗan'uwa, fara duba yadda ka shigar da lambobin. Wasan yana amfani da digiri da minti, kamar N 12° 00.500. In ka zubar da sifiran ka rubuta 12.500, ka tura kanka sama da kilomita 50 arewa da inda ake nufi. Ko alƙalami ɗaya na ƙarshe ka kuskure, ka goce da kusan mita 2.

In lambobin daidai ne, ka sani waya a fili kan kuskure da kimanin mita 5, wayar wanda ya ɓoye ma haka. A lungun cikin gari, tsakanin dogayen katangu da rufin kwano, sigina na karo da bango kafin ta iso, kuskuren ya ƙaru. Ka tsaya cik na minti ɗaya ko biyu har ɗigon da ke nuna inda kake a taswirar waya ya daina yawo. In kibiya na juyi barkatai, kaɗa wayar a iska kamar kana zana 8, nesa da mota da turken lantarki. Da ka shigo cikin mita 10, sa wayar a aljihu ka koma wa idonka: tarin duwatsun da ba iska ce ta tara su ba, kogon bishiya, ƙarƙashin bencin ƙarfe inda ake manna ƙaramin mazubi da maganaɗisu. Kada ka cusa hannu a rami sai ka zungura da kara, saboda kunama.

Tambaya: Ina koyar da tarihi. Zan iya shirya wa ɗalibaina wannan a Kano? (Wata malama daga Fagge)

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malama, Kano ba ta rasa abin nunawa: Dala, Gidan Makama, karofin Ƙofar Mata, Kurmi, da ganuwar da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu. Sai dai a nan ɓoyon mazubi na da haɗarinsa. Mutum na laluben gindin bango da wata 'yar kwalba, wani zai ce asiri yake binnewa, jami'in tsaro kuma zai yi zaton abin da ya fi haka. Saboda haka ki fara da sallama ga mai unguwa, kuma ki nisanci masallaci, maƙabarta, banki da ofishin 'yan sanda. Jikin ganuwa kada a taɓa shi ko da ƙusa, abin da ya saura ma zaizayewa yake.

Mu a ganinmu ki yi mai zango-zango. Zaɓi wuri 4 ko 5, kowanne da tambayar da sai an je za a iya amsawa, ki raba yara biyar-biyar da babba ɗaya, mazubin ƙarshe kuma ki damƙa wa mai gadin makaranta ko wani mai shago da ya yarda. Roba mai murfin da ke kamawa ta fi gwangwani, wanda zai yi tsatsa da damina ko 'yan jari-bola su tsince. Takardar ki sa ta cikin leda, da fensir maimakon biro mai bushewa a zafi, kuma ban da alewa ko wani abinci, tururuwa da ɓera za su riga yara. In daga baya za ki ɗora a shafin Geocaching.com, ƙa'idarsu ita ce ba a haƙa ƙasa a binne, sai da izinin mai wuri, kuma tsakanin mazubi da mazubi a bar aƙalla mita 161.