Amoxicilline ya daina yi mini aiki, mene ne dalili?

Malama, kin ce kina fama da zafin fitsari, kin sha amoxicilline sau biyu daga hannun mai talla a kasuwar Dole ta Damagaram, ciwon bai tafi ba. Allah ya ƙara sauƙi.

Ba jikinki ne ya saba da maganin ba, ƙwayar cutar ce. Yawanci ƙwayoyin cutar da ake kira E. coli ke kawo wannan ciwo, kuma da yawa daga cikinsu yanzu suna fitar da wani sinadari mai farfasa amoxicilline. Shan ƙwaya biyu a bari, ko shan ta don mura (wadda ba ruwanta da wannan magani), shi ke kashe raunanan ƙwayoyin cuta ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Ga kuma maganin da ya wuni a faranti cikin zafin ranar Damagaram, ƙarfinsa na iya raguwa.

Kada ki sayi wani. Je asibiti ki nemi awon ECBU (awon fitsari don gano ƙwayar cuta) tare da antibiogramme (gwajin magunguna a kan ƙwayar), kafin ki fara sabon magani. Fitsarin farko na safe ake so. Ki yi tsarki da sabulu, ki bar wanda ya fara fitowa ya zuba, ki tari na tsakiya a kwalbar da suka ba ki, ya isa ɗakin awo cikin awa 2. Sakamako yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3, shi zai nuna maganin da ke kashe ƙwayar. Ki sha shi yadda likita ya rubuta, har ya ƙare.

In da jini a ƙarshen fitsari, a duba tsargiya, maganinta daban. Zazzaɓi, ciwon kwiɓi, amai, ko kina da juna biyu: yau za ki tafi asibiti.