Tambaya da Amsa: An kawo mana firintar 3D, ta ina zan fara koyar da zane?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malami ne a sashen injiniyan kanikanci na wata foliteknik, bana aka kawo mana firintar 3D guda ɗaya, amma duk abin da ɗalibaina suka zana a kwamfuta in an buga ko ya zube ko ya karye. Dan Allah ta ina zan faro?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Toh ai ba laifin yaran bane, tun shigarsu ake koya musu a ɗauko dunƙulen ƙarfe a yi ta sassaƙa har siffa ta fito, ita kuwa wannan na'urar ƙari take yi, tana narka zaren roba tana shimfiɗa shi hawa kan hawa, kowane hawa kaurinsa bai wuce milimita 0.2 ba galibi. Kamar magini ce, ba ta ɗora tubali a iska. Shi yasa duk inda zane ya karkata fiye da digiri 45 sai an masa tokari, tokarin nan kuwa asarar roba ce da lokaci, kuma in an ɓalle shi yana barin tabo.

Ni dai shawarata kar ka fara da lacca. Raba su rukuni-rukuni, kowa ya zana ƙugiya ɗaya a buga ta sau biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, sannan su rataya nauyi da hannunsu har ta karye. Ta tsayen ce za ta fara tsagewa, daidai mahaɗar hawa da hawa, domin nan ne raunin yake. Wallahi yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai sake zane ba tare da ya tambayi kansa ta wane gefe abin zai kwanta ba.

Daga nan ka basu abubuwa biyu masu shiga juna, su gane cewa in basu bar tazarar kamar milimita 0.2 zuwa 0.3 ba, ba za su shiga ba. Manhajar zane ta FreeCAD da Cura mai shirya zanen don bugu duk kyauta ne, babu zancen kuɗin manhaja.

Amma fa kar a tsaya kan hani kaɗai, a nuna musu abin da na'urar ke iyawa wanda injin sassaƙa ba zai iya ba. Kamfanin GE na Amurka, da firintar 3D mai buga ƙarfe, ya haɗe ɓangarori kusan 20 na bakin feshin mai a injin jirgin sama na LEAP suka koma guda ɗaya, nauyi ya ragu da kashi 25 cikin 100. Kawo musu wani abu mai ɓangarori biyar da kusoshi kace su mayar da shi guda, a nan za ka gane wanda tunaninsa ya sauya.

Sai zancen yanayinmu. Robar PLA, wadda aka fi yin bugu da ita, tana fara laushi tun wajen digiri 60 na zafi, in aka barta cikin mota a ranar Afrilu lanƙwashewa za ta yi, abin da zai zauna a rana a buga shi da robar PETG wadda ta fi jure zafi. Kuma ku haɗa firintar da inbata, don bugu ɗaya kan ci awa shida ko fiye, in wuta ta ɗauke a tsakiya sau da yawa sai an sake daga farko.