Mun Yi Alkawarin Ba Za Mu Haihu Ba, Yanzu Ya Canza Magana

'Yar'uwa, na karanta saƙonki. Kin ce tun kafin a ɗaura aure kuka yi yarjejeniya da maigidanki cewa ba za ku haihu ba, yanzu kuma ya juya, yana cewa ko ki daina shan maganin tazara ko ya ƙaro aure. Kina so kotu ta riƙe shi a kan alkawarinsa. Zan ɗauka aurenku na Musulunci ne. Idan na rajista ne, dokar shari'o'in aure ta 1970 ce ke aiki, kuma amsar za ta sha bamban.

Abin da kike zaton kina da shi a hannu, a fahimtata, ba ki da shi. Sashe na 37 da na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 sun kare sirrin rayuwarki da 'yancin addininki, amma ba su hana miji saki ko ƙarin aure ba. A mazhabar Malikiyya kuma, wadda kotunan shari'a ke bi, ba kowane sharaɗi ne ke ɗaure miji ba. Ko sharaɗin "ba za ka yi mini kishiya ba" ba ya lizimtarsa sai in an rataya saki a kansa, ko an ba matar zaɓin kanta idan ya saɓa. Balle alkawarin baka, wanda malamai da dama za su ce ya ci karo da manufar aure. Da wuya alƙali ya tilasta shi, ko da kina da shaidu.

Sai dai shi ma maigidan ya daina cika baki. Ban san wata kotu da za ta umarci mace ta ɗauki ciki ba, kuma duka ko zagi ko hana abinci a kan wannan cutarwa ce, wadda a Malikiyya kan isa alƙali ya raba aure idan an tabbatar da ita. Mutumin da ya amince da bakinsa, sannan ya dawo yana barazana, ai da lallashi ya kamata ya zo.

Ta fuskar addini, Imam Malik ya ce miji ba zai yi azalu ba, wato zubar da maniyyi a waje don gudun ciki, sai da izinin matarsa, domin haihuwa haƙƙin su biyu ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazara ta wani lokaci bisa yardar ma'aurata, ta kuma hana yanke haihuwa gaba ɗaya sai da lalura. Don haka idan ciki zai jefa lafiyarki cikin haɗari, ki nemi rahoton likita a rubuce. Wannan zai canza matsayinki sosai. Shan magani a ɓoye kuwa, ban ba ki shawara ba, domin ranar da ya gano, shi kika ba hujja.

Idan zama ya gagara, akwai khul'i, wato mace ta fanshi kanta daga auren, galibi da mayar da sadaki. Shigar da ƙara ba wuya, magatakarda zai yi sammaci. Amma kusan duk alƙalin da kika je gabansa zai fara mayar da ku ga sulhu, mutum ɗaya daga danginki, ɗaya daga nasa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Gara ki fara da waliyyinki tun yanzu, kuma duk abin da aka cimma a rubuta shi, shaidu su sa hannu.