Me ya sa naman kaza (wato laimar kwaɗi) ya fi yawa a dazukan duwatsu?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga naman kaza kala-kala a dajin Ngel Nyaki da ke kan tsaunin Mambila, kana mamakin me ya hana mu samun irinsa a Sakkwato. Danshi ne sirrin. A can hazo kan kwana a kan itatuwa, ga sanyi, ga ruɓaɓɓen ganye jibge a ƙasa, rana ba ta ratsowa sosai. Abin da kake gani a sama 'ya'ya ne kawai. Ainihin jikinsa farin zare ne siriri da ke cikin ƙasa ko kututture yana cin ruɓa. Wasu ma da saiwar itace suke ƙawance: su ba ta ruwa, ta ba su abinci. Kuma kana ƙara hawa dutse itatuwa na canzawa, su ma haka.

Mu kuwa daminarmu wata huɗu ce da ƙyar. Sai cikin Agusta nake ganin laimar kwaɗi a gindin suri ko kan juji, kafin azahar rana ta yamutse ta.

Batun ci kuwa, don Allah kada ka gwada wanda ba ka sani ba. Akwai mai lalata hanta, dafuwa ba ta kashe gubarsa.