Kafin ka sa wuƙa a wuyan jitarka

Ɗana, saƙonka ya same ni daren jiya muna loda sifikoki a mota bayan an tashi daga biki, a tsaye na karanta shi. Ka ce wata uku ke nan kana kallon bidiyon koyarwar Jaco Pastorius, shahararren makaɗin jitar bes ɗan Amurka, a wayarka, kuma ka yanke shawarar cire siraran ƙarafunan da ke gicciye a wuyan bes ɗinka, jita mai kaurin sauti, kamar yadda ya yi wa tasa. Tambayarka ita ce, "Oga, in cire da kaina ko in kai wa kafinta?"

Kada ka cire, kada kuma ka kai wa kowa. Koma ka buɗe bidiyon nan na 1985, ka tsayar da shi, ka dubi wuyan jitar da ke hannunsa a yawancin darasin. Ƙarafunanta na nan cif. Wata uku kana kallo ba ka lura ba, don idonka na kan gudun yatsunsa. Shi da bakinsa ya faɗa cewa yawancin atisayensa a kan mai ƙarafuna yake yi, saboda tsirkiyoyin da yake amfani da su, masu kaushin nan na kamfanin Rotosound, suna cin katakon wuya in babu ƙarfen da zai tare su.

Gaskiya ne ya cire wa jitarsa Fender Jazz ƙirar 1962 ƙarafuna, ya cike ramukan, ya shafe wuyan da irin gam mai taurin da ake shafa wa jiragen ruwa. Amma yana da dalili. Ya taɓa mallakar babbar bes ta katako, wadda ake tsayarwa a ƙasa, laimar bakin tekun Filorida ta tsaga ta. Muryar waccan yake nema a jikin ta lantarki, kuma kunnensa ya riga ya san inda kowane sauti yake zaune. Kai fa? Ranar Talata na ce ka saita tsirkiyarka ta uku da kunne, sai da ka ciro waya.

Kuma kada ka ɗauka wuya marar ƙarfe wani abin al'ajabi ne daga Amurka. Goge ba shi da ƙarfe, garaya ba ta da shi, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce tal a kan sanda. Duk mai kaɗa waɗannan da kunne yake gano wurin sauti, kuma galibi tun yana ƙaramin yaro yake bin ubangidansa kafin a bar shi ya yi a gaban jama'a. Ƙarfen da kake son cirewa shi ke yi maka wannan aikin yanzu. Ka danna a bayansa ko ina, sautin zai fito daidai. In babu shi, dole yatsanka ya sauka a kan layin sak, ka kauce da faɗin ƙwayar shinkafa, kowa a filin zai ji wani abu ya yi tsami ko da bai san mene ne ba.

Na san haka don na yi. Ina da shekara ashirin da 'yan kai na ji wani kaset ɗinsa, na kwana ban yi barci ba, da safe na ɗauki jitata ɗaya tilo na kai wa wani kafinta. Ya sa filaya ya fizge su ɗaya bayan ɗaya, katako na ɓantarewa, ya cike da garin katako da gam, ya goge da sanfefa. Da hunturu ya shigo cikon ya tsuke ya zube. Ranar Asabar muna wasa a wani biki, mawaƙinmu ya juyo ya harare ni sau uku, a na huɗu ya yi wa mai kula da sauti alama ya rage ni. Haka na ƙarasa daren ina kaɗawa babu mai ji. Wata biyar ina aron jita.

To, me za ka ɗauka daga wurin mutumin nan? Fara da inda ya fara. An haife shi a 1951, ya tashi a yankin Fort Lauderdale, mahaifinsa mawaƙi ne kuma mai ganga. Shi ma ganga ya soma bugawa, sai ya ji rauni a wuyan hannu wajen ƙwallon Amurka yana ɗan shekara 13, daga baya ya koma bes. Ka riƙe wannan da kyau, mai ganga ne ya ɗauki bes. Kusan shekara goma ya yi yana bin ƙungiyoyin kiɗan rawa na baƙaƙen fatar Amurka da makamantansu, a kulob-kulob, yana tsaye a baya. A 1972 ya bi ƙungiyar Wayne Cochran gari-gari, wasa kusan kullum, a nan ya goge a karatun rubutun kiɗa. Faifansa na kansa bai fito ba sai 1976, shekarar da ya shiga ƙungiyar kiɗan jaz ta Weather Report. Mutane suna jin faifan suna cewa daga sama ya faɗo. Ina! Daga bayan mawaƙa ya fito, inda kake tsaye yanzu kana ƙorafin ba a ba ka fili.

Shin ka san mutumin da ke zaune kusa da shi a bidiyon yana yi masa tambayoyi? Jerry Jemmott ke nan, wanda ya kaɗa wa Aretha Franklin da King Curtis da B.B. King. Yana cikin waɗanda Jaco ya tashi yana kwaikwayo. Nemo kiɗan Jemmott ka saurara, ka haɗa da na James Jamerson na kamfanin Motown, wanda da yatsa ɗaya kacal yake fizgar tsirkiya amma ya riƙe ɗaruruwan waƙoƙi. In ka tsallake waɗannan ka faɗa kan Jaco, ka fara gini daga rufi.

Yanzu hannun dama, wanda a ganina nan dukiyar take. Daina kallon hagunsa na mako biyu. Dubi inda yake fizga: can ƙasa kusa da jaki, wato abin da ke tokare tsirkiyoyi a jikin jita, inda tsirkiya ta fi tauri, da yatsu biyu, manuni da na tsakiya, suna karɓeɓeniya ba tare da ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ba. Shi ya sa sautinsa ke fitowa a dunƙule, yana ratsa ganguna da ƙahonni. Sannan ka kasa kunne ga abin da ke tsakanin sautukan. Za ka ji wani "tik, tik" marar murya, inda yake ɗora yatsun hagu kan tsirkiya ba tare da ya danna ba, ya fizga. Gangar da ya bari ce yake bugawa a jikin bes. Kuma kowane sauti yana da inda yake yanke shi. Matsalarka ke nan babba: kana fara sauti da kyau, amma sai ka bar shi yana ta gunji har ya hau kan na gaba, tsirkiyoyin da ba ka taɓa ba su ma suna amsawa. A amfilifayarka ta ɗaki ba ka ji. A manyan sifikoki kamar an saki ƙudan zuma ne.

Ga aikin da zan ba ka. Kunna manhajar ƙidayar bugu a wayarka, sa ta a 60. Sauti ɗaya, a ƙarfe na biyar na tsirkiya mafi kauri. Huɗu a kowane bugu, biyu masu murya, biyu matattu. Minti goma ba tsayawa, ka ɗauki kanka a waya, ka saurara. Za ka ji kunya, ni ma na ji. In ya zauna, ƙara biyar. Zai gundure ka ƙwarai, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma kallon da ka yi wata uku hange ne.

Abu na biyu da ya nanata wa masu koyo shi ne karin waƙar kanta. Mu masu bes mun saba mu koyi namu layin kawai, a tambaye mu abin da mawaƙi ke rerawa mu yi zuru. Shi kuwa yana koyon karin kowace waƙa a kan bes, shi ya sa in ya kaɗa sai ka ji kamar mutum ke rerawa. Ɗauki waƙoƙi uku cikin waɗanda muke yi a biki, ka nemo muryar mawaƙiyarmu a wuyan jitarka, da inda take jan numfashi. Ka rera da baki tukuna. Abin da bakinka ya kasa, yatsanka ba zai iya ba.

Sautin ƙararrawar nan da ya burge ka kuwa, ba wuya: taɓa tsirkiya sama-sama daidai kan ƙarfe na 12, ko na 7, ko na 5, ka fizga ka ɗage yatsa. Yi wasa da shi a gida. Kada in ji shi a tsakiyar rawar amarya.

Akwai abin da ban so ka ɗauka ba. Lokacin da aka ɗauki bidiyon nan mutumin ba shi da lafiya, ciwon ƙwaƙwalwa mai sa hali ya yi sama ya yi ƙasa yana damunsa, ga giya da ƙwaya sun shiga. Ya kai har yana kwana a waje. A watan Satumba na 1987 wani mai gadin kulob ya yi masa duka a Filorida, ya rasu ranar 21 ga watan yana da shekara 35. Manyan ayyukan da ake yabonsa da su, yawancinsu ya yi su ne kafin abin ya ci ƙarfinsa. Na ga wanda ke kiranka bayan janareto kafin mu hau, na ga kuma abin da ke hannunsa. Ban yi magana a gaban mutane ba don kada in kunyata ka. Za mu yi ta mu biyu.

Ranar Alhamis bayan la'asar ka zo shago da jitarka yadda take. Akwai tsohuwar marar ƙarfe a bayan akwatin wayoyi, wadda na saya daga baya. Zan ba ka ita na minti ashirin, in kashe fitila, in kaɗa sauti a fiyano ka nemo shi a duhu. Ka taho da batir na mita, namu ya mutu tun makon jiya.