Fitilun hazon da ke ta cin ƙwai: ka da ka sake sayen wani sai an gano dalili

Assalamu alaikum. Malam, da na karanta tambayarka wallahi sai da gabana ya faɗi. Ka ce fitilun hazon motarka, na ƙasan bamba, sau uku kana canza musu ƙwai cikin wata biyu, yanzu kuma duka biyun sun ɗauke, rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ya ce ka sayi masu ƙarfi. Haka tawa ta fara. Don Allah ka dakata, ka da ka sayi komai tukuna.

Tawa Corolla ce ta 2010, ba ta zo da fitilun hazo ba, ni na saya na kai aka ɗaura saboda yawan zuwa Katsina da nake yi da hunturu. Wanda ya yi aikin mutum ne da na yarda da shi, shekara huɗu yana taɓa min mota, har gidansa na je barka da aka yi masa haihuwa. Ashe bai sa rile ba, wato ɗan makunnin da ke ɗaukar nauyin wutar fitila kai tsaye daga batir. Wayar babbar fitila kawai ya feɗe ya jona, ya naɗe da salatif. Da na koma na ce ƙwai yana mutuwa, sai ya ce na kasuwa ne ba su da inganci, ya sa min masu wat 100. Kwana biyu fis ya ƙone. Na sake komawa, ya ce in je in yi sallah in dawo. Na dawo na tarar wuta tana kamawa, na biya, na yi godiya. Ban san silin waya ya murɗa ya cusa a gurbin fis ba.

Daren da abin ya faru muna tare da Hajiyarmu da mai ɗakina da yara biyu. Mun wuce Bichi ba mu kai Tsanyawa ba, hazo ya sauko, da ƙyar nake ganin gefen kwalta. Mai ɗakina ce ta fara cewa tana jin ƙaurin roba. Kafin in ba ta amsa sai hayaƙi ta ƙasan sitiyari, sai komai ya ɗauke, babba da ƙarama. Duhu ƙirin, ina kan gudu, ga tirela a bayana. Ban san yadda na sauka gefe ba. Abin da nake iya tunawa shi ne iskar tirelar da ta girgiza motar, da muryar Hajiya tana ta Innalillahi, da ƙaramar 'yata da ta ƙanƙame wuyan uwarta ta kasa ko kuka. Na fita na buɗe bonet hannuna yana rawa, ba ni da sifana, da taimakon wani direban Golf da ya tsaya aka cire kan batir. Allah Ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, ko sunansa ban tambaya ba. Hajiya mai ciwon ƙafa ta yi fiye da awa biyu zaune a kan tabarma a bakin titi cikin sanyin nan. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Abin da ya fi ƙona min rai, da na je wa mai aikin wayar washegari da silin wayar a hannuna, ko haƙuri bai ba ni ba. Cewa ya yi kowa haka yake yi, wai ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma wanda ya cire fis ya sa waya ya san abin da ya yi. Fis ɗin nan da ake rainawa aikinsa ke nan, ya ƙone domin mota ta tsira. Mun rabu ke nan, ko gaisuwa ba ta sake haɗa mu ba.

To, ga taka. Tunda biyun suka ɗauke lokaci guda, da wuya a ce ƙwai ne. In ɗaya ya mutu, ka zargi ƙwan ko soket ɗinsa. In biyu ne, fis ko rile ko makunni. Ka buɗe akwatin fis da kanka, ka duba da idonka ko na gaskiya ne a ciki. Launi yana nunawa: ja amp 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Ƙwai biyu masu wat 55 suna jan wajen amp 9, shuɗi ya ishe su. Masu wat 100 guda biyu sun haura amp 16, shi ya sa fis ɗina ya ƙone, kuma siririyar waya ba ta ɗaukar wannan nauyin, ga zafinsu yana narkar da soket. In rilen fitilar iri ɗaya ne da na hon, ka musanya su ka gwada, nan take za ka gane. Kuma motoci da yawa fitilar hazo ba ta kamawa sai an kunna ƙaramar wuta, wasu ma in ka sa dogon haske sai ta ɗauke da kanta, ka tabbatar ba wannan ba ne kafin a fara yanka maka waya.

Maganar cin ƙwai kuwa, sa a auna cajin mota tana kunne. Daidai shi ne wajen bolt 14. In ya haura 15, alternato, wato na'urar da ke cajin batir, ce take dafa maka ƙwayaye, ko ka sayi guda goma haka za su tafi, kuma batir ma yana hanya. Ka duba ko ruwa yana shiga gidan fitilar, musamman bayan an wanke mota da injin feshi, don ƙwai mai zafi ba ya shiri da ɗigon ruwa. In fitilar tana girgiɗi a mazauninta ma, hanyoyinmu za su tsinke zaren cikin ƙwan.

Na manta: ka da a kama gilashin ƙwan halojin da tsirara hannu. Maiƙon yatsa yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima har ya kumbura. Yaran gareji da hannu duk baƙin mai suke kamawa, ka tsaya a kansu. In an taɓa, a goge da sifirit. Ka ciro tsohon ka karanta abin da aka rubuta a gindinsa. Nawa H11 ne, wat 55. H8 da H16 kamarsu ɗaya da shi a ido, amma H8 wat 35 ne, H16 kuwa 19, gidan da aka yi wa ƙarami ba zai jure zafin babba ba. In LED za ka sa ya ƙi kamawa, juya filogin, wasunsu suna da gaba da baya.

Dattijon da ya sake min wayarin daga baya, a gabana ya yi. Waya mai kauri daga batir, fis dab da batir ɗin, ta shiga ƙafar rile mai lamba 30, mai lamba 87 ta tafi fitilu, 85 da 86 na makunni da jikin mota. Ya kankare tsatsa inda ya ɗaure wayar jikin mota sai da ƙarfe ya yi fari. Shekara uku ke nan ban canza ƙwai ba.

Ina kuma roƙon 'yan'uwa masu ɗaura farar sandar LED a gaban mota suna kashe wa mutane ido, ku ji tsoron Allah. A hazo ma ba ta da amfani, hasken dawowa yake yi fuskarka. Fitilar hazo ƙasa take kallo.

Malam, ɗauko mana hoton akwatin fis ɗin da gindin tsohon ƙwan ka turo. Kuma kafin a gyara, in tafiyar dare ta kama ka da iyali, ka zare fis ɗin fitilun hazon gaba ɗaya, ka sa sifana mai lamba 10 ta cire kan batir a aljihun mota.