Mun gyara rufi, amma yaranmu ba su iya karatu ba

Tambaya: Malam, barka da aiki. A garinmu mun yi karo-karo mun sa kwano a azuzuwa biyu na firamare, mun sayi bencina. Ga shi ɗana yana aji huɗu, sunansa ma da ƙyar yake haɗawa. Tunda ba mu muke ɗaukar malamai ba, me ya rage mu yi? Daga wani uba a Jigawa.

Amsa: Allah ya saka da alheri, Malam. Kun yi na gini, saura ku leƙa cikin aji.

Gaskiya ne ɗaukar malami da sauya masa wurin aiki na hannun SUBEB, wato hukumar ilimin firamare ta jiha, da ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Amma kuna da ƙofa, wato kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC. A cikinsa akwai hedimasta, da wakilin mai gari, da limami, da iyaye mata, da tsofaffin ɗalibai. A wurare da yawa sunansa kawai ke jikin takarda. Ku farfaɗo da shi.

Ku fara da rajistar malamai. Ku raba kwanaki, kullum mutum guda ya je da ƙarfe takwas ya ga wa ya zo, wa ya shiga aji, wa ke hira a gindin darbejiya. Malamin da ya san Liman zai leƙo ranar Litinin ba ya makara. Sannan sau ɗaya a zango, ku ɗauko yara goma daga aji uku, ku miƙa musu gajeren labari da Hausa su karanta. Ku rubuta nawa suka iya, ku kai wa sakataren ilimi a rubuce. Ƙorafin baki a majalisa yake ƙarewa.

Wani malamin kuma ba lalaci ke damunsa ba, abin ne bai iya ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta gwada malamai kusan 33,000 da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da aka gindaya. Irin wannan malami, horon koyarwa za ku nema masa, ba tozarci a gaban ɗalibansa ba.

Ku kuma duba naku laifin. Malamin da ke hawo babur daga cikin gari kullum, ku ba shi ɗaki ko da a zauren mai unguwa ne. In kuna da 'yan gari masu takardar shaidar malanta ta NCE da ke zaune, kuɗin bencin baɗi ya isa ku ba ɗaya alawus ya riƙe aji ɗaya. Ranar kasuwa kuma a daina kwashe yara ana ɗora musu talla.